Magarya a Soro

Bishiya nake so a tsakar gida, matsakaiciya, wadda za ta ba mutum uku inuwa ba tare da ta ture katanga ba. Gidajenmu na Gyadi-Gyadi kowa ya san su, ka shimfiɗa tabarma biyu ka ajiye duro na ruwa, fili ya ƙare. Sharaɗina ɗaya ne, dole ta zama 'yar ƙasa. Na riga na cika majalisarmu da wa'azi cewa darbejiyar nan da ta mamaye Kano baƙuwa ce daga Indiya, a zamanin Turawa aka fara dasa ta a Borno wajen 1928, alhali ga unguwanninmu ɗauke da sunayen itatuwanmu: Kurna, Ɗorayi, Kasuwar Rimi, Durumin Iya, Tsamiyar Boka. Har na ce tunda Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar bishiyoyi a 2007, Kano kuma tana cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin ya ratsa, ni ma zan sa nawa hannun. Wanda ya yi irin wannan cika baki a gaban jama'a ba ya komawa gida da dashen mangwaro.

Kuka da rimi sun fi ƙarfin gidan. Ceɗiya da durumi saiwarsu ruwa take bi, ba ta tsayawa sai ta fasa sokawe. Gawo ƙato ne, ga shi da damina yake kakkaɓe ganye. Da na ambaci tsamiya, uwargida ta ce in dasa, sai mu zauna ni da aljanun, ita ta san hanyar gidansu. Magarya ta rage. Na same ta wajen wani mai sayar da dashe kusa da Kasuwar Tarauni, cikin buhun siminti, ta kusa kai tsayina don ta daɗe ba wanda ya taya. Farin cikin da mutumin ya yi da rabuwa da ita ya ɗan yi yawa. Mai adaidaita sahu ya kawo mu ta Court Road, ni a ciki, ita rabinta a waje, muka tsaya ƙofar gida. Na ce masa ya jira in shiga in ɗauko masa canji. Na saɓa ta a kafaɗa, na yi sallama, na faɗa soro.

Wanda ya fito daga ranar Kano ya shiga soro ba ya ganin komai na ɗan lokaci. Da idona ya washe, sai ga mutum a gabana. Hajiya ce, surukata, ta zo duba jikoki tana kan hanyar fita.

Tun da aka ɗaura auren nan ban taɓa haɗa ido da baiwar Allah nan ba. Ban taɓa shan ko ruwa a gabanta ba. In na hango ta a titi, lungu nake canzawa. Saboda haka gwiwoyina ba su nemi shawarata ba, kawai suka lanƙwashe, na tsuguna. Tarbiyya ce, kuma har gobe ina alfahari da ita. Sai dai mai tsugunawa kansa yana sunkuyawa, kafaɗa ta bi kan, abin da ke kan kafaɗa kuma ya bi kafaɗa. Magarya ta rusuna tare da ni, ta sauka a kan mayafin Hajiya.

Ƙayar magarya bibbiyu take fitowa, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya mai lanƙwasa kamar ƙugiyar kamun kifi. Ta farko ta soka, ta biyu ta riƙe. Hajiya ta ja da baya, mayafi ya fara zamewa daga kanta. Na yunƙura in miƙe don in sassauta, reshen ƙasa ya cafke hulata da wuyan rigata, wata ƙaya ta sami bayan kunnena ta zauna. Lissafin ya fito fili: in na tashi, mayafin surukata ya tashi; in ta motsa, kunnena ya tafi. Tsakanina da ita bai kai kamu biyu ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne wanda ya biyo baya. Bakina, shi ma ba tare da izini ba, ya ce, "Ina wuni, Hajiya."

Ta ce, "Lafiya lau."

"An zo lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutanen gida? Ya Baba?"

"Suna lafiya. Ya aiki?"

"Mun gode Allah."

Muka kai gaisuwar nan har ƙarshenta, ba mu tsallake ko ɗaya ba. Ita tana kallon rufin soro, hannu biyu riƙe da mayafi a ƙarƙashin haɓa, ni ina kallon takalmanta, buhun ƙasa yana tsiyayo min laka a gadon baya. Babu wanda ya ambaci bishiyar. Da gaisuwa ta ƙare aka yi shiru, sai na ji kaina na sake cewa, "Ya gajiya?" Ta sake cewa, "Ba gajiya." Na maimaita wannan wuri a raina ban san iyaka ba, kuma kowane karo sai na ji muryata tana sake tambayar dattijuwar da na ɗaure da itace ko ta gaji.

Yarona ne ya leƙo, ya fita da gudu yana shela. Kafin ka ce kwabo ƙofar soro ta cika. Mai adaidaita ya fara ba da umarni: "Alhaji, yi ribas. A hankali. Karya hagu." Wata maƙwabciya ta leƙo, ta ga ganyen, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Magarya? Wa ya rasu?" Ai da ganyen magarya ake yi wa mamaci wanka, ita kuma ba ta taɓa ganin an shigo da shi gida don nishaɗi ba. Mai shayin bakin layi ya ce a zuba ruwan zafi, ƙaya za ta yi laushi. Bai faɗi a kan wa za a zuba ba.

Sai ga dattijon layinmu, tsohon malamin daji ne da ya yi ritaya. Aka buɗa masa hanya, na ce alhamdulillahi, masani ya zo. Ya gyara tabarau, ya sunkuyo, ya tsinki ganye ɗaya daga saman kaina, ya juya bayansa ya duba.

"Magarya ce," ya ce. "Mai kyau kuwa. Ka ga bayan ganyen fari-fari da gashi? Da kurna ce da ka gan shi sumul."

Na ce, "Baba, a taimaka."

"Taimakon nake yi. Da ka zo wurina da kanya zan ce ka dasa. Ba ƙaya, inuwa mai sanyi, ganyenta ba ya ƙarewa. Illarta jinkiri, jikokinka za su sha inuwar. Kuma akwai mace akwai namiji, in ka dasa ɗaya ta zo namiji ne, har ka tsufa ba ka ga ɗan kanya ba." Ya juya wajen Hajiya. "Ko ba haka ba, Hajiya?"

Hajiya ta ce wa rufin soro, "Haka ne."

"Ɗinya ma tana da kyau, amma tana son danshi, kuma tana girma. In kuma lallai ƙaya kake so, ga aduwa. Ƙayarta doguwa ce miƙaƙƙiya, ta soke ka ta sake ka, ba ta riƙe mutum. Da aduwa ce da yanzu kowa ya kama gabansa, sai dai jini."

Ƙafafuna sun mutu. Shi kuwa ya samu ɗalibai, ya jingina da ƙofa. Ya ce rami ya kai gwiwa, a cakuɗa ƙasar sama da takin awaki wanda ya ruɓe, kada a sa ɗanye ya ƙone saiwa. A nisanta da katanga da masai. A yanke buhun kafin a binne. A bari sai damina ta zauna, ba yanzu da bazara ba, wanda ke nufin duk wahalar nan tawa ta yi wuri. A kewaye dashen saboda awaki, don akuya ba abin da take so irin ganyen magarya. Wani yaro ya tambaya da me ake kewayewa. Ya ce, "Da ƙaya."

Har ya juya zai tafi, sai ya dawo.

"Af, kai ne mai zagin darbejiya a majalisa ko? Ai masana da yawa sun ce ita ma magaryar daga can wajen Indiya ta fito. Ta dai riga zuwa ne."

Uwargida ce ta ƙarshen fitowa, riƙe da almakashi. Ta dube mu, ta koma ciki, muka ji abin da ta shiga yi, sannan ta dawo tana share ido da bakin zani. Ta tsaya tana auna abubuwa uku: mayafin uwarta, shaddata, da bishiyata. Ba ta ɓata lokaci ba. Ta bi magarya reshe-reshe, ta bar min sanda a cikin buhu. Hajiya ta fita ba ta waiwayo ba, da ɗan reshe yana reto a bayanta, ta shiga adaidaitan da ya kawo ni. Na biya kuɗin biyu.

Bayan isha ta bugo wa 'yarta waya. Ina daga ɗaki ina goga man zafi a gwiwa, na ji muryarta sarai.

"Na iso lafiya. Ki gaida maigidan. Ki ce masa na gode da tanadi, amma da sauran kwanana."