Yadda Ake Kai Jerin Waƙoƙi Ƙauye Lafiya

Jerin waƙoƙi na M3U, wanda manhajar Winamp ta yaɗa a ƙarshen shekarun 1990, babu waƙa ko ɗaya a cikinsa. Kwatance ne kawai, layi-layi, na inda kowace waƙa take kwance. Shi ya sa mai tura waƙa a Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, zai jera Shata, Ɗanƙwairo da Barmani Choge a kwamfutarsa, ya juye a memori, mai saye ya hau babur har gida, ya sa a waya, ga sunaye reras, amma ko tari babu wanda ya yi.

Abu na farko, a daina kwatance tun daga bakin gari. Windows tana fara adireshi da harafi, C: ko E:, ita kuwa Android ba ta san waɗannan unguwanni ba. A tara waƙoƙin da jerin a jaka guda, kowane layi ya ɗauki sunan waƙar kaɗai. Wanda ke tsakar gida ba a yi masa kwatancen ɗaki daga tashar mota.

Sai maganar sanda, in an raba waƙoƙin cikin ƙananan jakunkuna. Tun fitowar MS-DOS 2.0 a 1983, Microsoft ke raba jaka da jaka da sandar da ta kishingiɗa baya (\), alhali Android, Linux da macOS duk mai sunkuyawa gaba (/) suke amfani da ita. A buɗe jerin da Notepad a sunkuyar da su baki ɗaya. Manhajar VLC na karanta su a kowane ɓangare ba gardama.

Inda abin ya fi cin rai shi ne haruffa masu lanƙwasa. Tsohon tsarin rubutu na Windows-1252 bai san ƙ, ɗ da ɓ ba, don haka Ɗanƙwairo kan shiga da rawaninsa ya fito da alamar tambaya a ka. Bai kamata a miƙe wa harafi lanƙwasarsa don a faranta wa na'ura ba. A adana jerin a UTF-8, sunansa ya ƙare da .m3u8, lanƙwasa ta isa gida lafiya. A kuma kula da babban baƙi da ƙarami, domin a Linux "Shata" daban, "shata" daban.

Saura rediyo mai memori da ake ratayawa a reshen darbejiya lokacin noma. Yawancinsu ba ruwansu da jeri. Waƙar da ta riga shiga memori ita ke riga fita. Don su, a sa lamba gaban kowane suna, 01, 02, 03, a share memorin, a tura waƙoƙin bi da bi. In ba haka ba, ana tsakiyar wa'azin asuba sai kiɗan ƙwarya ya ɓarke a gaban surukai.