Bakano Ya Yi Wa Jari Kuka a Zauren Wasa

Alhajin Kwari, bawana, ina gajiyar hanya? Da fatan ka isa gida lafiya, hawan jinin kuma ya sauka. Na so in bar zancen nan ya mutu a tsakaninmu, sai na tuna rufa asirin Bakano ba ya cikin amanar da kakanni suka bar wa Bazazzage. Saboda haka ga shi a jarida, kowa ya karanta.

Jama'a, ku ji yadda aka yi. Wasu ɗalibai a nan Zariya suka ɗauko Jatau Na Kyallu, wasan Shu'aibu Maƙarfi da aka buga a 1960, suka kakkaɓe masa ƙura suka ɗora shi a dandamali. Na buga wa mutumin nan waya na gayyace shi. Bai tambayi wane wasa ba ne, bai tambayi ƙarfe nawa ba. "Nawa ne kuɗin shiga?" Na ce na biya. Ya ce to, in Allah ya yarda yana tafe. Da muka iso ƙofa sai da ya tsaya ya ƙirga kujeru, ya ninka da kuɗin tikiti, sannan ya raɗa mini cewa yaran nan ko kuɗin man janareta ba za su mayar ba. Ko zama ba mu yi ba fa.

Wanda ya yi Hausa a sakandare ya san labarin. Malam Jatau mutum ne mai abin hannunsa, ya faɗa tarkon Kyallu, mace mai zaman kanta, ya auro ta, daga nan gida ya rikice, dukiya ta bi ruwa. Marubucin ɗan Maƙarfi ne, ƙasar rake da mazarƙwaila, don haka ya san yadda ake tsotse zaƙi a zubar da tuka. Kuma ka dubi sunan wasan da kyau, Alhaji. Bai ce Kyallu ta Jatau ba. Cewa ya yi Jatau na Kyallu, kamar yadda ake cewa akuyar wance. Mai kaya ya koma kaya. Ni tun ina yaro da na ga attajiri mai lissafi ya shiga hannu haka, ban tsaya tambayar garinsu ba.

Zauren ya kasu uku ba tare da kowa ya raba shi ba. A gaba dattawa ne, tsofaffin malaman makaranta da suka shekara da shekaru suna koyar da littafin, har leɓensu na motsi kafin ɗan wasa ya buɗe baki. A tsakiya mata, an ci ado kamar za a kai amarya. Can baya ɗalibai, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Mu kuma muka samu gefe, saboda kai ka ce kusa da ƙofa ya fi, ko da za a zagayo da kwanon taimako.

Kyallu na fitowa dattawa suka ɗauki salati. Wani ya ce Allah wadan naka ya lalace. Haka aka saba kallon wasan nan tun asali: ga muguwa, ga wanda aka cuta, kowa ya ɗauki darasi ya tafi gida. Sai ga tafi daga tsakiyar zaure. Wata baiwar Allah, da ganinta ta aurar da 'ya'ya, ta ɗaga murya ta ce, "Ita ta je gidansa ta ɗauko shi? Da ƙafarsa ya je!" Wani dattijo ya waiwayo ya ce, "Hajiya, a da ba haka ake kallon wasan nan ba." Ta ce, "A da ai ku kaɗai kuke kallo, Malam." Zaure ya ɗauki shewa, har 'yan wasa suka ɗan dakata.

Ni dai a raina na ba ta gaskiya. Mun daɗe muna tsine wa Kyallu muna lallashin Jatau, alhali ba yaro ba ne, ba kuma ɗaure shi aka yi ba. Matan nan ba su zo wanke Kyallu ba, don da ta tsananta su ma sun yi tsaki. Abin da suka ƙi shi ne a ba Jatau tabarmar wanda aka zalunta ya zauna su zo yi masa jaje. Kowacce a cikinsu ta san wani Jatau, wata a unguwa, wata a dangi, wata kuma shi ne ya ajiye ta a ƙofar zaure ya ce zai dawo ɗaukarta.

To, ina Alhajina a wannan muhawara? Ba ya nan. Shi bai ga mace ba, bai ga aure ba, bai ga gidan da ke rushewa ba. Idonsa na kan aljihun Jatau. Duk sanda hannu ya shiga ya fito, Alhaji, sai in ji ka ja numfashi kamar an taka maka gyambo. A karo na uku ka kasa daurewa. Ka miƙe tsaye, babbar riga na jan ƙasa, ka ce, "Kai Jatau, jari ne fa! Ba riba ba ce!"

Wallahi yaron da ya fito a Jatau sai da ya juya wa jama'a baya don ya haɗiye dariya. Ita kuwa mai fitowa a Kyallu, Allah ya yi mata basira, ta juyo ta dube ka, ta ƙirga kuɗin nan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana lasar yatsa. Na ga ƙwalla a idonka. Ka ce ƙura ce. Ƙurar ba ta shiga idon kowa ba sai naka, kuma ba ta tashi ba sai da aka taɓa uwar kuɗi.

Wannan ne abin da fim ɗinku ba zai iya ba. Na yarda, tun daga Turmin Danya a 1990 kun riƙe kasuwa, kun cika gidajenmu, ba mu musa ba. Amma ka shekara kana yi wa talabijin ihu, jarumin ba zai waiwayo ba. A dandamali kuwa ɗan wasa na jin numfashinka. Ka yi magana ya rama. Daren nan kai ma ka fito a wasan, ba a biya ka ba, na san kuma wannan ya fi komai yi maka ciwo.

A hanyar fita ka fara borin kunya. Wai mu Zage-zagi ba mu iya Hausa ba, ba mu bambance namiji da mace a magana. To, Jatau ya bambance, ga inda ta kai shi. Kuma Hausar da kake taƙama da ita, a ina aka buga ta? Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya ta fara fita a 1939. Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur aka kafa shi. Ku kuna magana, mu muna rubutawa, daga baya ku zo ku sara ku kai kasuwa ku ɗora riba. Ka ce sharri ne irin na Bazazzage ya sa ake yi wa 'yan kasuwa ba'a a wasa. Ashe ka manta da Malam Aminu Kano, naku na kanku, wanda tun yana ɗalibi ya rubuta wasa ya sa masa suna Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Ba mu muka faɗa ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne abin da ka ce a wurin mai tsire, bayan ka tabbatar ni zan biya. Ka yi shiru, ka yi shiru, sannan ka ce kuskuren Jatau ɗaya ne: bai riƙe littafin shige da fice ba. Wato da ya rubuta, shi ke nan, a ci gaba da gashi.

Sai dai ina da labari mara daɗi. Yaran bayan nan masu waya ba Jatau kaɗai suka ɗauka ba. Jiya 'yata ta nuno mini kai, tsaye, hula ta karkace, kana kare jari. Na kuma ji an ce Hajiyar gidanka ta gani. Abin da take son sani shi ne, wannan zafin da ka ɗauka na tausayi ne, ko kuwa tsohon miki aka fama.

Ɗaliban sun ce in sun samu hali za su ɗora Uwar Gulma ta Mohammed Sada. Na riga na kama kujeru uku. Taka tana tsakiya, nesa da ƙofa, tsakanina da Hajiyarka. Kuɗin tsiren kuma yana nan a rubuce, na koyi riƙe littafi.