Mu Ƴan Kurni da Jijiyar Ƙafa

Da la'asar sakaliya, in ka ratsa gidajen Kurni, za ka tarar da mata bisa tabarma sun miƙe ƙafa ana matsa musu. Jiya a gidanmu Goggo ce ta ɗage zani zuwa gwiwa. A sha-raɓarta jijiyoyi ne suka tashi, suka murɗe kamar igiyar guga da aka yar bakin rijiya.

Na ce, "Goggo, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun cikin auta, ɗiyata. Da safe lafiya lau. Yamma na yi, ƙafar ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi, da dare kuma ta riƙe."

Inna ta ce, "Mataccen jini ne, Yaya. A kira wanzami ya sa ƙaho."

Haka muke. Ƙafa ta kumbura, mu shafa man zafi. Ta ƙi, mu ɗaure da tsumma ƙasan gwiwa. Ta ƙi, sai aska. Ni dai askar nan ce ke tayar mani da hankali, don jinin ba matacce ba ne, hawa ya kasa yi. A cikin jijiyar da ke mayar da jini zuciya akwai ƴan marufai masu buɗewa sama kawai, jini ya wuce su rufe. In suka saki, jini ya gangaro ya taru, jijiya ta buɗe ta fito. Abin da ke tura jinin sama kuwa naman sha-raɓa ne, kowane taku yana matsa shi. Shi ya sa wadda ke takawa zuwa lambu ta fi wadda ta wuni tsaye gaban turmi samun sauƙi. Kuma ciwon nan ba na mata kaɗai ba ne: ku duba ƙafar mai shayi, ko mai tsire da ke tsaye tun azahar. Ciki bayan ciki na kawo shi, ƙiba da shekaru na ƙara shi, ana kuma gadonsa.

Jijiyar da ta cika haka, in aska ta taɓa ta, jini take zubarwa ba kaɗan ba. In ta fashe, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a nufi likita. Ɗaurin ƙasan gwiwa kuwa hanya yake ƙara tarewa.

Na ɗauko buhun gero na aza wa Goggo ƙafa a kai, ta kwanta har ƙafar ta fi ƙirjinta tsawo. Maganin farko ke nan, kuma ba ya cin ko dala. Sai yawan takawa, sai safa mai matsewa da ake sawa tun da safe kafin kumburi, amma ma'aikacin lafiya ne zai ce ta dace. Can likita a tsaye ake duba ƙafar, in da hali a yi hoton na'ura a ga inda jinin ke komawa baya. Wadda ta tsananta akan yi mata allurar rufe jijiyar ko aiki. Ta masu ciki sau da yawa takan lafa ƴan watanni bayan haihuwa.

Ku lura da idon sawu: ƙaiƙayi, fata ta yi duhu ta yi tauri, nan gyambon da ba ya jin magani ke farawa. In kuma ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi, ko numfashi ya fara sarƙewa, jini na iya daskarewa a ciki. Kada a kwana, a kama hanyar asibitin Matamaye, in ta kama har babban asibitin Damagaram.

Inna, don Allah a bar wanzami da askin jarirai. Goggo kuwa ran Litinin ni zan raka ta likita.