Buhu 20 da Rabon Birai

A littafin lissafi, manomi ba shi da wata damuwa a duniya. Ya samu buhu 20 na masara, ya sayar da 8, ya raba wa matansa uku sauran. Kowace ta samu nawa? A ɗebe, a raba, amsa 4, kowa ya fita tara.

To kai wannan tambaya aji uku a Birnin Gwari ka sha kallo. Tun malam bai ajiye alli ba wata ta ɗaga hannu: "Malam, ya fitar da zakka?" Buhu 2 sun tafi ke nan. Wani daga bencin baya ya ce in dai gonar a bakin dajin Kamuku take, sai an cire rabon birai, su kuwa ba da tiya suke awo ba. Na jikin taga yana son jin la'adar dillali da kuɗin mota zuwa Funtuwa.

Malam ya share gumi, ya ce a ƙaddara duk babu waɗannan.

"To Malam," in ji wata 'yar ƙarama, "ita ma uwargidan buhu 4 za a ba ta, daidai da amarya? Wa zai je ya faɗa mata?"