Bloodborne da 'Yan Ƙungiyar "Mu Ma Haka Muka Sha"

Akwai mutanen da idan sun sha wuya ba tausayi suke nema ba, lambar yabo suke so. Ka ce da su a ɗan sassauta hanyar saboda na baya, sai su ɗaure fuska su ce, "Mu ma haka muka sha." Ana samunsu a garejin makanikai da ɗakin kwanan ɗalibai, ana samunsu cikin surukai. Amma hedikwatarsu ta wannan zamani tana cikin wani wasan bidiyo mai suna Bloodborne.

Kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ne ya ƙera wasan ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, Sony kuma ta fitar da shi a watan Maris na 2015, a kan PlayStation 4 kaɗai. Kafin ƙarshen shekarar an sayar da fiye da miliyan 2. Wato mutum miliyan 2 sun zaro kuɗi daga aljihunsu, ba wanda ya tilasta musu, suka sayi duka.

Garin da abin ke faruwa sunansa Yharnam, kuma a nan dole a sara wa masu zanen. Irin ginin nan ne na tsohuwar Turai da ake kira Gotik: dogayen majami'u masu tsini, gumakan da suka rufe fuska da hannu, lunguna masu duhu, akwatunan gawa jibge a bakin titi an ɗaure su da sarƙa. Ko me ake tsoron ya fito daga ciki, oho. Arzikin garin jini ne. Wata majami'a ce ke raba wani jini da aka ce yana warkar da kowace cuta, irin dai mai maganin nan da ke kafa lasifika a kan mota ranar kasuwa, kwalba ɗaya ta yi maganin basir da shawara da ciwon baya da sammu. Mutanen gari suka yi ta ɗura, sai gashi ya fara tsiro musu a inda bai kamata ba, haƙora suka yi tsawo. Kai kuma baƙo ne da ya zo neman magani, ka farka a gadon asibiti an yi maka ƙarin jinin, an kuma ba ka aikin farautar sauran majinyata.

Maraba ta farko da ake yi maka ita ce kerkeci a ƙofar asibitin, alhali ko tsinke ba ka riƙe ba. Yawancin mutane a nan suke fara mutuwa, kuma in ka mutu ɗin sai a kai ka wani lambu na mafarki, wajen wani tsoho a keken guragu da wata 'yar tsana mai magana, a ba ka makami. Wasan da akan kashe ka kafin a ba ka kayan aiki ai ya gaya maka halinsa tun daga zaure.

Faɗan kansa ba a magana. A Dark Souls, yayan wannan wasa da ya fito a 2011, mutum kan laɓe bayan garkuwa yana leƙe. A nan an ƙwace garkuwar, an bar wata ta katako guda ɗaya don tsokana kawai. A hannun dama makami ne mai rikiɗa, zarto ya buɗe ya zama adda, sanda ta warware ta zama bulala. A hagu bindiga ce, wadda amfaninta ba kisa ba ne, a harbi dodo daidai lokacin da ya ɗaga hannu, ya durƙusa, ka zura masa hannu a ciki. Mafi daɗi, idan an sare ka, kana da ɗan taƙaitaccen lokaci da in ka rama, ƙarfin da ka rasa zai dawo. Mai gudu ya yi asara, mai ramuwa ya warke. Wanda ya ƙirƙiro wannan doka ya san zuciyar ɗan Adam, ya san ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Akwai kuma wata hikimar da ta fi burge ni: kana ƙara sanin sirrin garin, idonka na ƙara buɗewa, har wata rana ka ɗaga kai ka ga wata ƙatuwar halitta mai hannuwa barkatai manne a jikin majami'ar da ka yi ta wucewa ta gindinta. Tun farko tana nan tana kallonka.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wasan yana da aibobi manya, amma ka kuskura ka ambaci ɗaya a gaban 'yan ƙungiya.

Na zauna kusa da ɗan yayata yana fafatawa da Father Gascoigne, bos, wato babban abokin gaba, da ke tare hanya tun a farkon wasa, a cikin wata makabarta. Yaro ya yi gumi sharkaf, ya kusa gamawa da shi, sai mutumin ya rikiɗe ya zama dabba, yaron ya ja da baya, dutsen kabari ya tokare shi, kyamara ta shige cikin reshen bishiya. Ba mu ga komai ba sai jan rubutun da ke shaida masa ya mutu. Ya juyo ya ce, "Kawu, don Allah ka ga wannan zalunci? Ni da ban ga abin da ya buge ni ba!" Abokinsa da ya riga shi gama wasan, yana kishingiɗe yana cin gyaɗa, ya ce, "Ba kyamara ba ce, hannunka ne bai faɗa ba." Ana cikin haka uwar yaron ta ƙwala masa kira daga tsakar gida. Wasan ba shi da madannin dakatarwa. Sai dai ya zaɓa, fushin Umma ko faratan Gascoigne. Ya zaɓi abin da ɗan halak zai zaɓa, ya dawo ya tarar da gawarsa. Abokin ya ce ai da gangan aka yi haka, don a ji tsoro na gaske.

Komai da gangan aka yi. Kwalaben jinin da kake warkewa da su 20 kake ɗauka, kuma in rumbunka ya ƙare ba sa dawowa don ka mutu. Sai ka bar bos ɗin da ka fara gane lagonsa, ka koma unguwar farko kana kashe talakawan da ka kashe jiya, kana lalube aljihunsu. Wannan ba jarumta ba ce, aikin lebura ne, amma 'yan ƙungiya sun ce tarbiyya ce. Lokacin da wasan ya fito, duk mutuwa ɗaya sai ka zauna wajen sakan 40 kana kallon baƙin allo da sunan wasan a tsakiya. Aka samu masu cewa lokacin nazari ne, mutum ya yi tunanin kuskurensa. Bayan kamar wata guda kamfanin da kansa ya rage jiran, bai tsaya sauraron falsafarsu ba. Su kuwa kurkukun ƙarƙashin ƙasa da na'ura ke shirya wa mutum, ɗaki ɗaya ne ake ta juya maka shi, yau ƙofa a gabas, gobe a yamma.

Labarin ma ba a ba ka shi a faranti. An yayyanka shi an ɓoye a bayanin riguna da makullai da kwalabe. Daga nan aka samu malaman tafsirin Yharnam a YouTube, mutum ya shafe awa guda yana sharhi a kan wata hula, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai ta'aziyya. Wanda ya kalli bidiyo biyu sai ya zo majalisa ya ce shi da kansa ya gano. Ka tambaye shi ina aka kwana, ya ce maka ai abin yana da zurfi. Ga zurfin, tunda wasan ya haura shekara goma ba na jin na ɓata wa kowa: ƙarshen labarin iri uku ne, kuma wanda aka fi wahala a kansa sai ka haɗiye guntayen cibiya uku, ka kashe tsohon mai keken guragu, ka kashe abin da ya sauko daga wata, sannan a saka maka da mayar da kai wata 'yar baƙar halitta mai santsi, 'yar tsanar nan ta ɗauke ka tana tambaya ko kana jin sanyi. Wannan ne muƙamin da ake ta ɗaga wa mutane hanci a kai.

Saura maganar hotuna 30 a sakan, wanda ko su ba sa tafiya daidai, wasan kan yi ɗan tuntuɓe. A gaban baƙo, ɗan ƙungiya zai rantse maka idonsa bai taɓa lura ba. Amma bari Sony ta sanar za ta nuna sababbin wasanni, ka ga yadda suke cika intanet da roƙo, a sabunta musu Bloodborne, a kai shi 60, a sako shi a kwamfuta. An sake gina Demon's Souls don PlayStation 5 a 2020, an kai God of War kwamfuta a 2022, su ko kallo ba a yi musu ba. Wani mai ƙwaƙwalwa a cikinsu ya gaji da jira, ya yi gyaran 60 ɗin da kansa ya saki a 2021. A farkon 2025 Sony ta tuna da su, ta aika masa takarda ya sauke.