Nasiha ga Ɗan'uwan da Ya Yi Niyyar Dasa Buluberi a Ƙasar Ƙanƙara

Tun da Allah cikin hikimarsa ya ƙaddara mini zama a jihar Minesota ta Amurka, inda tabki kan daskare har mota ta bi ta kansa, kuma tun da 'yan'uwa masu kawo mini ziyara suka yawaita tambaya a kan wasu 'yan itatuwa uku da ke bayan gidana, waɗanda nake tattalinsu fiye da yadda nake tattalin rigar Sallah, sai na ga ya wajaba in rubuta abin da na sani game da su, domin kada wani ya faɗa ramin da na faɗa, ko kuwa in ya ƙi jin magana, ya faɗa da ilmi. Sunan itaciyar buluberi. Tsawonta bai wuce ƙugun mutum ba, 'ya'yanta ba su fi magarya girma ba, launinsu kuwa kamar rawanin da ya fito daga marinar Ƙofar Mata, sa'an nan ƙurar hunturu ta ɗan hau kansa.

Sharaɗi na farko, wanda in babu shi sauran aiki duk ɓatacce ne, shi ne mutum ya tuba daga abin da ubansa ya koya masa a gona. Mu dai an tashe mu a kan cewa toka da takin shanu su ne gatan ƙasa, saboda haka a shekarata ta farko, cikin kyakkyawar niyya da cikakken jahilci, na tara tokar murhu ta hunturu guda, na haɗa da buhun taki, na juye wa baiwar Allah a gindi, na koma gefe ina jiran godiya. Ba a yi wata biyu ba ganyenta ya koma rawaya, jijiyoyinsa kaɗai suka rage kore, kamar mai fama da shawara. Illar kuwa kowace mace mai girki ta san ta, domin in miya ta yi tsami kanwa ake jefa mata, toka kuwa 'yar'uwar kanwa ce, alhali ita wannan itaciya ba ta da abin ƙauna a duniya kamar ƙasa mai tsami, wadda a ma'aunin da masana ke kira pH take tsakanin 4.5 da 5.5, inda 7 ke tsakiya. Da zarar tsamin ya ragu sai saiwarta ta kasa jan sinadarin ƙarfe, ta zauna da yunwa a tsakiyar abinci. Maganin shi ne a auna ƙasar tukuna, a barbaɗa mata garin farar wuta, a jira shekara guda kafin dashe, gama ƙwayoyin halittar da ke juya farar wuta ta zama tsami ba su san gaggawa ba.

Abin da ya ɗan sanyaya mini zuciya shi ne na tarar Turawan ma sun daɗe cikin wannan ɓata, suna haƙo ta daga daji suna kai ta lambu mafi albarka, suna ba ta taki da farar ƙasa, tana mutuwa suna mamaki, har sai da wani masanin tsirrai na ma'aikatar gona ta Amurka, Frederick Coville, ya bayyana asirin tsamin a 1910. Wata mata a jihar Niyu Jasi, Elizabeth White, 'yar manomi, ta karanta abin da ya rubuta, ta gayyace shi gonar mahaifinta a 1911, ta riƙa ba mazauna dajin lada suna nuna mata itatuwa masu manyan 'ya'ya, har a 1916 suka kai amfanin farko kasuwa. Ashe ke nan gyaɗa da dawa sun girmi wannan itaciya a gona da dubban shekaru, amma dubi irin sarautar da take yi mana.

Game da zaɓen iri, sai ka lura, ya ɗan'uwa, cewa wannan halitta sanyi a wurinta farilla ne, domin in ba ta kwana cikin sanyin da bai haura digiri 7 ba har na kimanin awa 800 zuwa 1,000, ba za ta farka ta yi fure yadda ya kamata ba. Wannan ita ce amsata ga ƙanena da ke Kano, wanda ya aiko a tafi masa da iri, yana kafa hujja da cewa bana hunturu ya yi tsanani har sun kwana da garwashi a ɗaki. Akwai dangin da ba su bukatar sanyi mai yawa, irin waɗanda ake nomawa a Feru da Maroko da Afirka ta Kudu, amma ba su ne abin maganarmu ba. Namu su ne waɗanda Jami'ar Minesota ta samar ta hanyar aurar da doguwar buluberi ga gajeruwar ta daji, aka haifi matsakaita: Northblue a 1983, sa'an nan Chippewa da Polaris a 1996, shekarar da a garin Tawa na arewacin jihar sanyi ya kai digiri 51 ƙasa da sifiri. Hikimar gajartarsu ita ce dusar ƙanƙara ta binne su ta zame musu bargo, domin reshen da ya leƙo sama iska ce ke ƙone idanunsa, wanda ke ƙasa kuwa yana barci lafiya. Ta haka ne ni, wanda a gida in sanyin Janairu ya kama ba na fita sai rana ta take, na wayi gari ina leƙen taga ina roƙon Allah ya ƙaro ƙanƙara, iyalina suna dubana kamar wanda ya taɓu.

Kada ka dasa ƙwaya ɗaya, kuma kada ka dasa iri ɗaya, gama ko da wasunsu suna iya haihuwa su kaɗai, 'ya'yan sun fi yawa da girma idan akwai baƙon iri a kusa, waliyyin wannan aure kuwa wani ƙaton ƙudan zuma ne mai gashi, wanda kan rataye a jikin furen ya girgiza shi har garin ya zubo. Ka dasa a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, a inda rana ke wuni, tsakaninsu kamar mita guda, cikin rami mai faɗi marar zurfi da aka cakuɗa ƙasarsa da ruɓaɓɓen gansakukar fadama. Fartanya kuwa ka rataye ta, haramun ce a nan, domin saiwar siririya ce kamar gashi, tana kwance dab da fuskar ƙasa, sara ɗaya na ƙwazo ya isa ya yi ta'adi. Abin da take so shi ne a lulluɓe gindinta da garin katako ko ganyen itacen fayin, a tsige ciyawa da hannu, a durƙushe, kamar mai gaisuwa a fada. Ruwa kuma kada ya yanke, kada ya kwanta, kuma in da hali ya zama na sama, saboda ruwan famfo a wurare da yawa yana ɗauke da ɗan kanwa-kanwa, wanda a hankali zai warware maka tsamin da ka shekara kana ƙullawa.

Yanzu ga babbar jarrabawa. A watan Mayu na shekarar farko za ta fito da furanni farare, masu kamar ƙananan ƙararrawa, zuciyarka ta yi fari, ka fara lissafin wanda za ka aika wa. To, a wannan lokaci ne masana suka ce ka sa hannu ka tsinke su duka, haka kuma a shekara ta biyu, domin ƙarfinta ya tafi ga saiwa da rassa. Ranar da na aikata wannan, uwargida ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ce, "Malam, ashe kuɗin da ka hana mu na labule, fure ka saya da su don ka zubar?" Ban sami jawabi ba, gama in na gaya mata gaskiya, cewa itaciyar ba ta kai cikar haihuwarta sai ta shekara shida zuwa takwas, na san abin da zai biyo baya. Daga nan kuma kowane Maris, kafin ta farka, sai a ɗauki almakashi a rage tsofaffin rassa, a bar matasa.

Saura maganar abokan tarayya, waɗanda ba su yi haƙa ba, ba su yi ban ruwa ba. Zomo aikinsa na hunturu ne, yakan bi ta kan ƙanƙara ya datse rassa kamar wanzami, don haka sai a kewaye ta da wayar kaji tun kaka. Amma zomo mai sauƙi ne in aka gwada shi da tsuntsaye. Malamanmu na Malikiyya ba su wajabta zakka a kan irin waɗannan 'ya'yan itace ba, sai dai tsuntsayen Amurka ba su bin mazhabarmu, ba su jiran nisabi, kuma ba su tsayawa a ushiri. Abin da na gani da idona shi ne su ɗauki tara su bar mini ɗaya. Sharrin ya ƙaru ne saboda 'ya'yan sukan yi shuɗi kwanaki kafin su yi zaƙi, kuma muddin akwai ja-ja a wajen gindin ɗan, da sauransa, sai a ƙara masa kwana uku zuwa bakwai. Kai kana ƙidayar kwanaki, tsuntsu ma yana ƙidaya, kuma ya riga ka tashi, domin a watan Yuli kafin ka idar da wuridin asuba ya yi kalaci ya tafi, ya bar maka shaida shuɗiya a kan gilashin mota. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na gwada mutum-mutumi da tsohuwar babbar rigata, suka sauka a kan hularsa suna hutawa. Raga kaɗai ke hana su, ita ma sai an ɗaga ta a kan sanduna an danne bakinta da duwatsu, in ba haka ba za ka tarar da ɓarawon a ciki, ya ƙoshi, yana jiran ka buɗe masa ƙofa.

Bara, shekara ta biyar, na tsinki abin da ya cika kwanon sha guda, muka zuba a fura, yara suka yi ta nuna wa juna harshe kamar waɗanda suka sha rubutu, uwargida ma ta ƙara ludayi biyu ba ta ce komai ba. Na zauna na haɗa kuɗin dashe da na farar wuta da na waya da na gansakuka, na raba da abin da ke cikin kwanon, sai na ninke takardar na sa a aljihu, gama a kantin da ke bakin titinmu ana sayar da irinsa da kuɗin da bai kai na almakashin ba. Bana furen ya yi kyau ƙwarai, kuma tsuntsayen sun riga sun yi sheƙa a itacen maƙwabci. Duk ɗan'uwan da ke da tsohon gidan sauro wanda ba ya amfani da shi, don Allah ya aiko mini kafin farkon Yuli.