Daurawa, Shinkafa Na Bin Ku Bashin Biki

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki, Daurawa. Za ku ce duniya ta zo ƙarshe tunda har shinkafa ake yi wa biki. To ku gyara zama, don ana yi, kuma ba yara ke yi ba.

A Japan, ranar 23 ga Nuwamba ta kowace shekara, sarkin ƙasar da kansa ke gabatar da sabuwar shinkafa a bikin Niiname-sai, ya kai loma baki, ranar kuma hutu ce a ƙasar. Mutanen Tamil Nadu a kudancin Indiya suna bikin Pongal a tsakiyar Janairu. Sabuwar tukunyar ƙasa ake ɗorawa, a zuba sabuwar shinkafa da madara da mazarƙwaila, a zuba ido har ta tafasa ta yi ambaliya, sai gida ya kaure da sowa. A Daura in tukunya ta zube haka, yarinyar da aka bar wa tsaron murhu ce za ta yi ihun, ita kaɗai. Har Amurka ba a bar ta a baya ba, garin Crowley na jihar Luwiziyana yana bikin shinkafa tun 1937.

Ina jin wani dattijo daga majalisar ƙofar gida yana cewa, "Ai aikin waɗanda ba su san fura ba ne." Gaskiyarka, Baba. Ƙasar Daura jigawa ce, gero ne ɗan gida, daga Zango har Baure har Sandamu shi ke cika rumbu. Amma ina da tambaya. Ranar Sallar Gani, bayan an sauko daga hawa, an kwance wa dawakai sirdi, baƙi sun cika zaure, me ke fitowa daga cikin gida a manyan kuloli? Ranar ɗaurin auren 'yarka, me ya hana ka sa a tuƙa tuwon dawa miyar kuka a raba wa 'yan Kano da suka zo? Ka san shekara za a yi ana ba da labarinka.

Kai ne kullum mai cewa shinkafa ba ta riƙe ciki, abincin yara ce. Sai a kawo dafa-duka da manja da busasshen kifi, ka nannaɗe hannun riga har gwiwar hannu, ka ce bari dai ka taɓa kar Hajiya ta ji haushi. Kwano ya koma cikin gida fes, ka kuma aika jika ya tambayo ko akwai ƙanzo. Wainar da kake ci da safe da miyar taushe, da me aka yi ta? Sinasir fa? Garau-garau da ka ce na 'yan makaranta ne, wa ya ƙarar da yajin?

Masu cewa baƙuwa ce, su ma ga nasu. Afirka na da shinkafarta ta kanta, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara cikin ƙasar Mali ta yau, kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Wato tana nan Afirka ta Yamma tun Bayajidda bai nemi guga ya nufi Kusugu ba. In tsufa ake bi, ku ne za ku durƙusa ku gaishe ta.

Babban abin dariyar, bikin shinkafa mafi girma da Najeriya ta gani a 'yan shekarun nan ɗanku ne ya buɗe shi. Marigayi Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi cikin Nuwamban 2015, ya rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sannan a Janairun 2022 ya tsaya gaban dalar shinkafa a Abuja. Wasu suka rantse katako ne a ciki aka lulluɓe da buhuna, kuma ina zargin har da ku a masu rantsuwar. Lokacin rufe boda kuwa, ku da bodar Kwangwalam ke bayan gidanku, ba zan tambayi yadda 'yar waje ta riƙa shiga tukwanenku ba. Na ɗauka iskar hunturu ce ke kaɗo ta daga Nijar. 'Yar Hausa ta sha zagi a kan tsakuwa, har injinan gyara suka yawaita aka rage tsinta a faifai.

Don haka ga shawara. Madatsun Sabke da Daberam suna nan da ruwa. A yi noman rani da gaske, a ware rana guda bayan girbi, a kira makaɗa, a jera tukwane a ƙofar fada, mata su yi gasar tuwon shinkafa. Wanda har yanzu yake ganin bidi'a ce, ba mu ja da shi. A dama masa fura ya koma inuwa, a miƙo mini kasonsa.